An ce baƙi a Turai sun fi 'yan ƙasa tsira daga ciwon daji, to me ya kashe yayana?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa yayanta, mazaunin Ingila, ya rasu da ciwon daji na hanta bai kai shekara hamsin ba, kuma bai taɓa shan taba ko giya ba. Bayan rasuwar sai ta karanta cewa baƙin da suka yi ƙaura zuwa Turai da Amurka ba sa mutuwa da ciwon daji kamar 'yan asalin ƙasashen. Tana son ta san ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne me ya sa namu ke mutuwa haka, kuma jini ne ko yanayin rayuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan yayanki, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Abin da kika karanta gaskiya ne. A 2018 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike da dama a kan baƙi sama da miliyan 15, akasarinsu mazauna ƙasashe masu arziki, aka ga yawan mutuwarsu ya yi ƙasa da na 'yan ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ciwon daji na cikin cututtukan da baƙin suka fi 'yan ƙasa tsira daga gare su. Sai dai wannan lissafi na jimla ne, an zuba kowa da kowa a ƙwarya ɗaya, ɗan Indiya da ɗan Foland da ɗan Nijeriya, an kuma haɗa ciwon dajin huhu da na hanta da na mama wuri guda. In aka ce hatsi ya sauko a Dawanau bana, ba shi ke nuna wake ma ya sauko ba. Yayanki yana cikin waɗanda jimlar ta rufe.

Bari in fara da dalilin da ya sa jimlar ta yi kyau, don ba tsafi ba ne. Wanda ke iya barin gida, ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi, ya jure sanyi da aiki biyu a rana, galibi matashi ne mai ƙarfi, sau da yawa kuma mai ilimi. Mai jinya yana gida. Wato tun kafin a fara ƙirga an riga an tace mutanen. Ga kuma taba, wadda ita ce babbar magana. Ciwon dajin huhu shi ya fi kowanne kisa a duniya, kimanin mutum miliyan 1.8 a 2022, kuma taba ce ummul haba'isinsa. Binciken shan taba da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna manya masu busa ta ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba, mata kuwa ko kashi 1 ba su cika ba, alhali Turawan Ingila da suka haura sittin a yau sun tashi ne a zamanin da kusan rabin maza ke sha. Jama'ar da ba ta shan taba ta riga ta kuɓuta daga kaso mafi nauyi na mace-macen ciwon daji, ko da talauci ya yi mata katutu.

Akwai na uku da ku kanku kun sani. Idan jiki ya yi tsanani, namu kan ce a kai ni gida in cika a gaban dangi. Wanda ya rasu a Kano ko Maraɗi ba zai fito a rajistar mamata ta Ingila ko Faransa ba, sai ya zama a takarda kamar yana nan da ransa. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ma haka, tunda izinin zama a ɗaure yake da aiki, wanda ya kasa aiki gida yake nufa. Masana sun auna wannan a wurare daban-daban. Yana rage adadin, amma bai isa ya share fifikon gaba ɗaya ba.

To yanzu mu buɗe jimlar. Akwai binciken da nake so ki riƙe, don ya ambaci mutanenmu kai tsaye. An duba mace-macen ciwon daji a Ingila da Wels daga 2001 zuwa 2003 bisa ƙasar da aka haifi mamacin. Waɗanda aka haifa a Indiya da Pakistan da Sin sun yi ƙasa da matsakaicin ƙasar. Waɗanda aka haifa a Sikotlan da Ailan, Turawa farare masu jin Turanci, sun haura shi, musamman a huhu da babban hanji. 'Yan Afirka ta Yamma sun yi ƙasa a huhu, amma mazansu sun mutu da ciwon dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kusan ninki 2.7 na matsakaici, matansu kuma sun haura da kusan kashi 30 cikin ɗari a ciwon dajin mama. Duk waɗannan baƙi ne a ƙasa ɗaya, asibiti ɗaya suke zuwa, amma kowa da inda ajali ke tarar da shi. Lissafin da ƙungiyar Cancer Research UK ta fitar a 2022, na shekarun 2013 zuwa 2017, ya sake nuna hakan ta fuskar kamuwa: baƙaƙen fata a Ingila sun ɗan yi ƙasa da farare a jimla, amma sun ninka su a furostet, sun kusa ninka su uku a ciwon dajin ɓargo, kuma sun fi su a hanta da tumbi da mahaifa.

Maganar jini ko yanayi kuwa, Japanawa ne suka fara ba mu amsarta. Daga ƙarshen ƙarni na 19 dubbansu suka tafi aikin rake a Hawayi, wasu suka zarce Kalifoniya. A 1968 William Haenszel da Minoru Kurihara suka kwatanta mace-macensu da na waɗanda suka zauna a gida. A Japan ciwon dajin tumbi ne ke kisa, na babban hanji da na mama kaɗan ne. A Amurka sai abin ya juya, amma kowanne da saurinsa. Na babban hanji ya hau tun a jikin waɗanda suka yi ƙaurar. Na tumbi ya daɗe yana bin su, sai a kan 'ya'yansu ya faɗi sosai. Na mama kuwa a hankali ya riƙa hawa, daga uwa zuwa 'ya zuwa jika. Jinin bai sauya ba, don a farko junansu suke aure. Abinci ne ya sauya, da nauyin jiki, da shekarun fara al'ada, da yawan haihuwa da shayarwa. Shi kuwa na tumbi, daga baya aka gano dalilin nacinsa: wata ƙwayar cuta da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a farkon shekarun 1980, wadda yaro ke ɗauka tun yana ƙarami a gida mai cunkoso, ta zauna masa a tumbi har tsufa, ga kuma abinci mai gishiri da yawa yana ƙara mata ƙarfi. Wanda ya ɗauke ta a Hiroshima zai kai ta Honolulu.

Darasin da muka ɗauka daga nan shi ne baƙo yana tahowa da yarintarsa a jikinsa. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike 37 a Turai ya tabbatar da haka: baƙi daga ƙasashe masu tasowa sun fi kamuwa da ciwon dajin da ƙwayar cuta ke haddasawa, wato hanta da tumbi da bakin mahaifa, sun kuma yi ƙasa a na huhu da hanji da mama.

Nan ne maganar yayanki ta shigo, kuma zan daɗe a kanta. Ɗan Afirka ta Yamma da ya kamu da ciwon dajin hanta yana shekara arba'in da ɗoriya, ba giya, abin da kowane likita zai fara zargi shi ne ciwon hanta nau'in B. Ki roƙi matarsa ta duba takardun asibitinsa, ku nemi inda aka rubuta HBsAg, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar cutar. Wannan ƙwaya tana da wani hali da mutane ba su sani ba. In babba ya ɗauke ta, jikinsa kan kore ta, waɗanda take zaunawa a jikinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. In jariri ne ya ɗauka, tara cikin goma za su rayu da ita har abada. A ƙasashenmu kuwa a yarinta ake ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara a gida, ko ta askar wanzami wajen kaciya da tsaga da cire belu, ko allurar da aka maimaita. Ba ruwan wannan da zina, kuma ina faɗin haka da babbar murya, domin na ga aure ya girgiza a kan sakamakon gwaji alhali mutumin tun yana goye ya ɗauko abinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022, miliyan 65 a yankin Afirka, kuma kashi 13 cikin ɗari kacal suka san suna da ita. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na manya, wato kusan mutum ɗaya a kowane sha biyu. Ki tsaya a sahun sallar Idi ki ƙirga. Alaƙarta da ciwon daji kuma ba hasashe ba ce. A Taiwan Palmer Beasley ya bi diddigin ma'aikatan gwamnati maza 22,707, rahotonsa na 1981 ya nuna masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran haɗarin ciwon dajin hanta ninki sama da 200. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, ba a jima ba ciwon ya fara raguwa a yaransu. Nijeriya sai a 2004 ta sa allurar cikin rigakafin yara. Duk wanda aka haifa kafin nan, har da yayanki da ke kanki, bai same ta yana jariri ba.

Sai abu na biyu da ke haɗuwa da ita ya ƙara mata dafi, shi ne gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da laima. A farkon shekarun 1960 aka gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila daga abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa ta Brazil. Ki tuna gyaɗar da ake tsincewa, mai kyau ta tafi kasuwa, mai baƙi-baƙi da ɗaci a bar ta a gida a yi ƙuli-ƙuli ko a ba yara. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Hantar da ke fama da ƙwayar B, aka kuma ciyar da ita wannan shekara da shekaru, ita ce ke lalacewa da wuri. Shi ya sa a Afirka kudu da Sahara ciwon dajin hanta ke kama mutane a tsakiyar shekarunsu na arba'in, a Turai kuwa sai an haura sittin.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk wannan ana iya tare shi. Gwajin jini ne guda, mai araha. Akwai ƙwayar magani, tenofovir ko entecavir, ɗaya a rana, da ke danne ƙwayar cutar ta rage haɗarin sosai. Wanda aka san yana ɗauke da ita, kuma likita ya ga yana cikin haɗari, ana yi masa hoton ciki duk wata shida, kuma ɗan Afirka ana fara masa da wuri fiye da sauran jama'a, don in aka kama ƙarin yana ƙarami ana iya yanke shi, ko a ƙona shi, ko a yi dashen hanta. Amma hanta ba ta kuka. Ranar da ido ya yi rawaya da shawara, ciki ya kumbura, mutum ya rame, galibi an makara. To wa zai ce wa lafiyayyen namiji ya je gwaji? A Ingila ana gwada kowace mai ciki tun 2000, saboda haka mata sukan sani. Namiji ba shi da irin wannan ƙofa. Tun 2012 ƙa'idar likitocin ƙasar ta ce a yi wa waɗanda aka haifa a ƙasashen da cutar ta yi yawa tayin gwaji, amma likitan unguwa mai minti goma ga kowane majinyaci, wanda a jama'arsa farare cutar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba, sau da yawa ba ta faɗo masa a rai. Da aka fara gwada jinin duk wanda ya shigo sashen gaggawa a wasu asibitocin Landan da wasu birane daga 2022, an tono dubban masu ɗauke da ita da ba su sani ba, akasarinsu maza, da yawa 'yan Afirka. Tsarin lafiyar an gina shi ne a kan cututtukan 'yan ƙasa, kuma wannan kansa dalili ne na zamantakewa, ko da ba wanda ya nufi kowa da sharri.

A furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji ya zagaye hanyar fitsari, jini yana da hannu, ba na musu. An gano wasu sauye-sauyen gado da suka fi yawa a zuriyar Afirka ta Yamma, kuma ana ganin yawan ciwon a Jamaika da Amurka da Ingila duk inda zuriyar take. Lissafin Ingila na 2015 ya ce namiji baƙar fata ɗaya cikin 4 zai kamu a rayuwarsa, fari ɗaya cikin 8, kuma baƙar fata ɗaya cikin 12 zai mutu da shi, fari ɗaya cikin 24. Ki lura da abin da ke cikin alƙaluman nan. Cikin waɗanda suka kamu, ɗaya cikin uku ne ke mutuwa da shi a kowane ɓangare. A ƙasar da magani yake kyauta, bambancin yana wajen kamuwa. A Amurka, inda baƙaƙe ke mutuwa da shi ninki biyu na farare, wani babban nazari na 2019 ya duba mazan da ake kula da su a asibitocin tsofaffin sojoji da waɗanda ke cikin gwajin magunguna, inda kowa ke samun kulawa iri ɗaya, sai aka ga baƙaƙen ba su fi fararen mutuwa ba in matakin ciwon ɗaya ne. A ganina wannan ya raba gardama. Gado na iya sa ciwon ya zo, ya kuma zo da wuri, amma wanda zai mutu da shi ya fi danganta da ranar da aka gano da kuma maganin da aka samu.

Mama ma kusan haka ne. Baƙaƙen mata a Amurka ba su kai farare kamuwa ba, amma sun fi su mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Akwai wani nau'i mai zafi da ba ya jin magungunan sinadarin jikin mace, yana kama mata da ƙuruciya, kuma ya fi yawa a zuriyar Afirka ta Yamma. Wani bincike na 2019 ya nuna baƙaƙen matan da aka haifa a gabashin Afirka, kamar Habasha, kusan rabin na haifaffun Amurka suke da shi, alhali na yammacin Afirka sun yi kusa da haifaffun Amurkan. Duk "baƙar fata" aka rubuta musu a fom. Amma ga ɗaya gefen: a Ingila, alƙaluman da aka fitar a 2016 sun nuna kashi 25 cikin ɗari na matan Afirka masu ciwon an gano nasu ne bayan ya yi nisa, farare 'yan ƙasa kuwa kashi 13.

Me ke kawo makarar? Takarda ce kan gaba. A Amurka dokar 1996 ta hana akasarin masu katin zama na dindindin cin moriyar inshorar marasa galihu sai sun shekara biyar, marar takarda kuwa ko inshorar kasuwar gwamnati ba a yarda ya saya ba. Sashen gaggawa dole ya karɓe shi in rai na hannun Allah, amma ciwon daji ba a maganinsa a dare ɗaya, watanni ake yi ana ƙarin ruwan magani da gashi. Faransa ta fi sassauci, tana da tallafin jinya ga marar takarda da ya yi wata uku a ƙasar. A Ingila ganin likitan unguwa kyauta ne ga kowa, ko da takarda ko babu, amma tun 2015 asibiti na cajin wanda ba mazauni ba ninki ɗaya da rabi na kuɗin aiki, daga 2017 kuma aka ce a biya kafin a fara in ba na gaggawa ba ne. A lokacin badaƙalar Windrush, da aka riƙa ɗaukar 'yan Karibiyan da suka daɗe a ƙasar bisa doka a matsayin marasa takarda, an ga wani dattijo haifaffen Jamaika da ya shekara sama da arba'in a ƙasar yana biyan haraji, aka ce sai ya kawo fam 54,000 kafin a yi masa gashin furostet, don ya kasa nuna takarda. Irin wannan labari yana zagaya masallatai da majami'u, sai ka ga har mai cikakkiyar takarda yana ɗari-ɗari da asibiti, ko yana tsoron kada zuwansa ya tona asirin ɗan'uwan da ke kwana a falonsa.

Sai aiki. Namu da yawa suna gadi ne, ko tuƙin tasi, ko kula da tsofaffi, ko ɗaukar kaya a sito cikin dare, aikin da in ba ka je ba babu albashin ranar. A wuyan mutum ɗaya akwai hayar ɗaki, da kuɗin makarantar ƙanne, da maganin tsohuwa a gida. Wanda ke cikin wannan hali in ya ga jini a bayan gida zai ce basir ne, ya aika a kawo masa sassaƙe. Talauci kuwa ba ya tambayar launin fata. Cancer Research UK ta lissafa a 2025 cewa mutuwar ciwon daji a unguwannin da suka fi talauci a Birtaniya ta haura ta masu hali da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma a irin waɗannan unguwanni baƙi suka fi sauka.

Gwajin tantancewa a Ingila ta wasiƙa yake zuwa, zuwa adireshin da likitan unguwa ke da shi. Mace daga 25 zuwa 64 ana kiran ta gwajin bakin mahaifa, daga 50 hoton mama duk shekara uku, sannan maza da mata daga 50 ana aiko musu da wani ɗan kwali ta gidan waya, a ciki akwai 'yar kwalba mai tsinke da za a taɓa bayan gida da shi a mayar. Na sha ganin kwalin nan a kan firji ba a buɗe ba, ko an buɗe an ji ƙyama an jefar. Wanda ya sauya ɗaki sau uku a shekara biyu ma ba zai gan shi ba. Na kuma zauna da uwa da ta zo da ɗanta ɗan shekara goma sha biyu ya yi mata tafinta. Ta yaya za ta ce wa ɗan cikinta tana ganin jini bayan saduwa, ko akwai ƙullutu a nononta? Sai ta ce ciwon baya, a ba ta maganin ciwon baya, ta tafi. Tafinta haƙƙinta ne a asibiti, likita mace ma tana iya nema, amma ba wanda ya taɓa gaya mata.

Mu ma muna da namu laifin, kuma gara a ji daga bakin na gida. Har yau ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi ya watsu. Abin da ya haifi wannan magana shi ne mutane sun ga an yi wa wani aiki ya rasu ba da jimawa ba, ba su san an kawo shi ne bayan ciwon ya riga ya bazu ba. Ana cewa jifa ne ko sammu. Ana ɓoyewa don kada a ƙi auren 'ya'ya, ko don mace na tsoron in an cire nono miji ya juya baya. Addu'a da rubutu ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su. Amma kada a ɗora wa majinyaci dukkan nauyin, domin wani bincike na 2012 a Ingila ya nuna baƙaƙe da 'yan Asiya masu ciwon daji sun fi farare yawan sai sun je wurin likitan unguwa sau uku ko fiye kafin a tura su wurin ƙwararre. Waɗannan sun je, ba a ji su da wuri ba ne.

Kowace al'umma da nata kayan. 'Yan Bangaladash da Indiya suna fama da ciwon dajin baki saboda tauna wani ƙwallo da ake naɗewa a ganye da taba, wanda bishiyarsa daban take da ta goronmu. 'Yan kudancin Sin da arewacin Afirka suna da na bayan hanci. Matan da suka taso inda ba a gwajin bakin mahaifa sukan iso Turai ba a taɓa duba su ba.

Fifikon nan da kika karanta kuma ba ya daɗewa. A Amurka, binciken da Paulo Pinheiro da abokansa suka yi a Fulorida ya nuna baƙaƙe haifaffun Amurka sun fi 'yan Haiti da Jamaika mutuwa da ciwon daji nesa ba kusa ba, kuma huhu ne ya fi raba su. Wani bincike na 1993 ya samu matan Asiya da aka haifa a Yamma sun fi waɗanda aka haifa a gida haɗarin ciwon mama da kashi 60 cikin ɗari. 'Ya'yan yayanki da suka tashi a can, in an yi musu rigakafi, sun tsira daga abin da ake zargin ya kashe ubansu, amma taba da shisha da ƙiba da naman gwangwani suna jiran su kamar kowane ɗan ƙasa.

Abin da nake so ku yi a gidanku kuwa, kada ya wuce watan nan. Duk wanda kuka haɗa uwa da marigayin ya je a gwada shi ciwon hanta nau'in B, ke ma haka, da mahaifiyarku in tana raye, da matarsa da 'ya'yansa. Wanda ba shi da ita a yi masa allura uku. Wanda aka samu da ita kada ya tsaya a kemis ko wurin masu maganin wanke hanta da lasifika, ya nemi likitan hanta a asibitin koyarwa ko na ƙwararru, a auna yawan ƙwayar a jini, a yi hoton ciki, a gaya masa ko yana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai. Mai ciki a gidan ta faɗa wa ungozomar asibiti tun wajen awo, a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Wanzami ya zo da sabuwar reza, gyaɗa mai fumfuna kuma a zubar. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a kai su rigakafin sankarar bakin mahaifa da Nijeriya ta fara a Oktoban 2023. A Ingila, inda aka fara ta a 2008, ciwon ya ragu da kashi 87 cikin ɗari a matan da aka yi wa tayinta suna 12 zuwa 13.

'Yan'uwan da ke ƙetare su yi rajista da likitan unguwa tun suna lafiya, su sabunta adireshi duk sanda suka tashi, su buɗe baki su ce an haife ni a Afirka ta Yamma, ina son gwajin ciwon hanta. Namiji da ya kai 45 ya tayar da maganar gwajin jinin furostet da kansa, don ba za a aiko masa da wasiƙa ba, in kuma uba ko wa ya taɓa yin ciwon to ya faɗa tun a zaman farko.